Mudu Ko Sikeli? Yadda Kuskuren Awon Albarushi Ke Raba Maharbi Da Yatsunsa

Duk ɗan kasuwar da ya yi 'yan shekaru yana kai da kawowa tsakanin kasuwanninmu na kan iyaka, irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa, zuwa birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, ya san cewa awo iri biyu ne, kuma ba sa jin harshen juna. A gida mudu da tiya da kwano muka gada. Mai saye ya zura ido ya ga an cika, a ɗora masa gyara, a sallami juna. Amma da zarar buhun albasar Galmi ya sauka a Ajame, unguwar da manyan tashoshin mota da kasuwannin sari na Abijan suke, to magana ta koma ta sikeli da kilo. Haka goron da ake lodi daga Anyama: a can kan sikeli yake hawa, in ya iso gida kuma a koma lissafin ƙwarya. Wanda ya rikita awon cika da awon nauyi a wannan fatauci, iyakarta ya rasa riba, ya dawo gida yana cizon yatsa.

To akwai wata haja da idan aka yi mata irin wannan rikici, yatsan da za a ciza ma ba lalle ne a same shi ba. Albarushi muke nufi, wato abincin bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, irin wadda ake ɗura wa ta baki a danna da sanda.

Me ya haɗa falke da albarushi?

Mai karatu na iya cewa shi albasa da goro da atamfa ya sani, ina ruwansa da kayan mafarauta. Ruwansa da tsaki. Da farko dai, da wuya a sami gidan Bahaushe da ba shi da dangantaka da wani mai riƙe da wannan bindiga, ko maharbi, ko ɗan sintirin da ke gadin ƙauye, ko ɗaya daga cikin 'yan bindigar Sarki da ke buga ta a hawan salla a Kano da Katsina da Zariya. A can Kwaddibuwa kuwa ga Dozo, mafarautan gargajiya na arewacin ƙasar, masu rigunan saƙi da layu, waɗanda a shekarun 1990 mutane suka riƙa ɗauka gadin unguwanni da shaguna har cikin Abijan saboda yawan fashi, kafin gwamnatin Henri Konan Bédié ta taƙaita ayyukansu ga yankunansu na asali a 1998. Wanda ya daɗe yana kwana a tashoshin Ajame, ko yana da shago a Tireshbil, unguwar da ke tsallaken gada kusa da tashar jiragen ruwa, ba baƙon ganin wannan bindiga ba ne.

Na biyu kuma, falke shi ne ɗan aiken kowa. Idan zai tashi, wannan ya ba shi sallahun magani, wancan na agogo, wani kuma ya ja shi gefe ya ce idan ya ga “mai ƙarfi” a can ya taho masa da shi. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wannan magana da harshen da 'yan kasuwa suka fi ji, wato harshen awo.

Daga tafin hannu zuwa mudun tagulla

Bindigar toka ta daɗe a ƙasashenmu. Ta bakin teku ta fi shigowa, ta hannun Turawan da suka kafa ganuwoyin ciniki, cikinsu har da na Denmak da ke zaune a Kiristiyansbog ta Ankara har zuwa 1850, kuma har yau da sunansu dokar Najeriya ke kiran wannan bindiga. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, maƙeransa ma har igwa suka zuba a Zindar. Samori Ture, wanda ya mamaye arewacin Kwaddibuwa ta yau kafin Faransawa su kama shi a 1898, shi ma yana da maƙeran da ke gyara bindigogi suna kwaikwayon na Turawa. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin fatauci. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bindigar da Turai ta ajiye tun tuni ta zauna daram a hannun mafarautanmu.

Yadda aka gaji auna mata abinci kuwa, da ido ne da hannu. Wani a tafin hannu yake zubawa. Wani sai ya ɗura, ya zura sandar ɗuri, sannan ya ƙirga yatsu nawa ne sandar ta yi saura a waje. Wani da guntun ƙaho ko kara yake ɗiba. Duk waɗannan awon cika ne, dangin mudu, sai dai tafin hannun uba ba ɗaya yake da na ɗansa ba, kuma yatsu uku a bututu mai faɗi sun fi yatsu uku a siriri nesa ba kusa ba, kamar yadda tsawon taƙi guda a cikin randa ya fi taƙi guda a cikin tulu.

Masu irin wannan bindiga a Turai da Amurka, inda har yanzu ake farauta da gasar harbi da ita, su ma da cika suke aunawa, amma da ɗan mudun tagulla mai lambobi a jiki. Lambobin nan na wani ƙaramin ma'aunin nauyi ne na Ingilishi da ake kira giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ce guda. Giren 7,000 ke yin laba ɗaya, kuma giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. An yanka mudun ne ta yadda idan aka cika shi zuwa lamba 100 da baƙin albarushi mai matsakaicin tsaki, nauyin abin da ke ciki zai zo kusa da giren 100, wato wajen giram 6 da rabi. Mun ɗauki 100 ne don sauƙin lissafi kawai, kada wani ya ɗauka awo muka yanka masa.

Abin da ya sa mudu ke wadatarwa a nan shi ne, baƙin albarushi, wanda haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai rura wuta, ba shi da zafin rai irin na zamani. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska mai tura dalma, hayaƙi da toka yake komawa. Saboda haka idan aka sami ɗan bambanci kaɗan tsakanin ɗiba da ɗiba, bututu mai lafiya yakan shanye. Ga shi kuma a daji, cikin iska da duhun asuba, babu mai shimfiɗa sikeli.

Lamba ɗaya, ma'ana biyu

A nan ne gizo ke saƙar. Tiyar gero a Maraɗi takan kai wajen kilo 2 da rabi. Tiyar gyaɗa mai ɓawo ba ta kusa da haka, alhali kwanon ɗaya ne. Babu ɗan kasuwar da zai yarda a ce masa tiya kilo kaza ce ba tare da an faɗi tiyar mece ce ba. To haka mudun albarushi yake. Lambar da ke jikinsa gaskiya take faɗa game da irin albarushin da aka yanka shi dominsa kaɗai.

A 1975 aka fito da wani madadin baƙin albarushi a Amurka mai suna Pyrodex, wanda kamfanin Hodgdon ke sayarwa. An tsara shi ne domin a ɗebe shi da wancan mudun, cika ɗaya a madadin cika ɗaya. Amma ya fi baƙin albarushi sauƙin nauyi da kusan kashi 30 cikin 100. Ma'ana, mudun da aka cika zuwa lamba 100, in aka juye shi a sikeli, wajen giren 70 zai nuna, kimanin giram 4 da rabi. Yanzu a ce wani mai son daidaito ya ji an ce 100, ya ce shi ba ya yarda da mudu, sai sikeli. Zai yi ta zubawa har sai allo ya nuna masa giren 100, alhali a lokacin ya tara kusan mudu ɗaya da rabi. Ga shi ya yi awo tsakani da Allah, bai tauye ba bai yi ha'inci ba, amma ya ɗura wa bindiga abin da ya wuce ƙa'ida da kusan rabi. Daga baya kamfanin ya fito da wani mai suna Triple Seven wanda ya fi zafi, har ya riƙa ba da shawarar a rage kashi 15 cikin 100 na cika idan ana son ya yi daidai da baƙin albarushi.

Gaskiya ne waɗannan kaya sun fi yawa a Amurka. Amma lambobinsu sun riga su isowa. Yaro zai kalli bidiyo a waya, ya ji Bature ya ambaci lamba, bai san ko ta mudu ce ko ta sikeli ba, bai san wane albarushi ba ne, bai kuma san bututun da ke hannun Baturen ƙarfe ne da aka gwada a masana'anta ba. Sannan ga ƙananan sikelin batir irin na masu sayen zinari, waɗanda suka yi araha a shagunan kayan lantarki. Da yawansu suna da maɓallin da ke juya awo daga giram zuwa giren zuwa karat, kuma a allon, bambancin giram da giren harafi ɗaya ne tak: wannan “g”, wancan “gn”. Wanda ya karanta giram a inda ake nufin giren ya ninka awo fiye da sau 15.

Abin da sikeli ba ya gani

Kada kuma a ɗauka cewa sikeli ne ya gama magana. Sikeli nauyi kawai ya sani, bai san hali ba.

Akwai maganar tsaki. Masana'antu na rarraba baƙin albarushi gwargwadon girman ƙwayarsa, suna masa alama da harafin F: mai F ɗaya shi ne mai gwaɓi, na manyan bututu, mai F huɗu kuwa laushi gare shi kamar gari, kuma na kunna wuta ne a bindigar ƙanƙara, ba na ɗurawa a ciki ba. Kowace mace ta san ƙiraruwa ta fi gungume saurin kamawa. Giram 5 na mai laushi da giram 5 na mai gwaɓi duk ɗaya ne a sikeli, amma na farkon kan ƙone cikin gaggawa, ya matsa wa bututu lamba fiye da na biyun. Albarushin da aka haɗa a gida kuwa, yau ya fito da tsaki gobe ya fito gari, kuma ko mai tsakin ne, idan ya sha jijjiga a bayan mota kwana da kwanaki, wani sashe nasa kan niƙe.

Akwai kuma maganar laima, wadda ta fi shafar masu bin hanyar Abijan. Albarushi na shan danshin iska. A bakin teku, inda Tireshbil ke zaune tsakanin ruwa da ruwa, danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, alhali a Maraɗi ko Katsina lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Albarushin da ya sha laima ya fi nauyi a sikeli, amma ya fi rauni a bututu. Maharbi ya buga ya ji sanyi-sanyi, sai ya ƙara hannu, ya saba da wannan ƙarin. Ran da ya sami busasshe, ko nasa ya bushe da iskar hunturu, hannun nan da ya saba da shi zai ɗiba. Masu goro sun san yadda huhu ke rage nauyi a hanya in ya sha iska. Wannan shi ne akasinsa, domin shi albarushi ƙarfi yake ƙarawa in ya bushe.

Mafi muni duka shi ne albarushin zamani marar hayaƙi, irin wanda ke cikin harsashin kwali na bindiga mai baki biyu da harsashin soja. Launinsa na iya zama baƙi ko toka-toka, ido ba ya rabe shi da na gargajiya, amma ƙarfinsa ya ninka sau da yawa, kuma 'yar ƙaramar ƙari a cikinsa na iya ɗaga matsi ya wuce abin da ƙarfe zai ɗauka. Masana'antun da ke ƙera bindigar ɗuri ta baki suna buga gargaɗi a jikin bututu cewa baƙin albarushi ko madadinsa kaɗai za a sa. Babu wani awo, na mudu ko na sikeli, da zai sa wannan albarushi ya zama lafiya a bindigar toka. Haka kan ashana, haka garin nakiyar masu haƙar ma'adinai.

Shi kansa bututun fa? A Ingila, majalisa ta kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingham tun 1813, a birnin Liyej na Beljiyam kuwa tun 1672 aka wajabta gwaji. Akan ɗura wa bututu abin da ya fi ƙa'ida da gangan, a buga shi a ɗakin da babu kowa, in ya tsira a buga masa hatimi. Bindigar da maƙerin ƙauye ya haɗa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin tsohuwar mota ba ta bi ta wannan ɗaki ba, kuma bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, wanda nan ne yake fara buɗewa. Ba muna raina maƙeranmu ba ne, hannunsu abin yabo ne. Amma irin wannan bututu ba shi da lambar da wani zai rantse a kanta, gwajinsa na farko a hannun mai shi ake yi, kuma hannun hagu ne ke riƙe da daidai wurin. Laya na da muhallinta a wurin masu ita, sai dai ba ta ƙara wa ƙarfe kauri.

To wanne za a bi?

A ganinmu kowanne da aikinsa. Mudu na wurin harbi ne, amma mudu ɗaya tabbatacce, na tagulla ko ƙaho ko itace, ba na baƙin ƙarfe mai iya tartsatsi ba, a cika shi a shafe bakin, kullum iri ɗaya. In ana bubbuga shi don ya zauna, a riƙa bubbugawa kullum, in ba a yi, kada a fara, domin duk mai awon hatsi ya san mudun da aka girgiza ya fi ɗaukar kaya. Gyara kuwa, wadda a kasuwa alheri ce, a bakin bindiga ba ta da wuri. Wannan ya fi shafar 'yan bindigar hawan salla, inda kowa ke son tasa ta fi ƙara a gaban Sarki, ga jama'a a cunkushe ta kowane gefe, ga dawaki. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024.

Sikeli kuma na gida ne, aikinsa binciken mudu. A ɗebi cika biyar ko goma, a auna kowace, a ga ko hannu na tsayawa wuri ɗaya. In an canja albarushi a sake, kuma in nauyin cika ya bambanta da na da sosai, to alama ce cewa ba irin wancan ba ne. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar lambar mudu a kai ta sikeli, ko ta sikeli a kai ta mudu.

Sauran ƙa'idojin tsofaffin maharba sun san su. Ba a tuttula albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bakin bindiga, domin idan akwai sauran garwashi a ciki wutar za ta biyo zuba ta tarar da gorar a hannu. Sai an zuba a mudu, an toshe gora, sannan a juye. A tabbata dalma ta zauna a kan albarushi ba tare da rata ba, saboda ratar nan na kumbura bututu ko ta fasa shi. A yi wa sandar ɗuri zane biyu, na lokacin da bindiga ke wofi da na lokacin da take da ɗuri ɗaya, domin ɗuri kan ɗuri na yawan faruwa ga wanda ya ajiye bindiga ya manta, ko ya ara. In ta ƙi tashi kuma, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa na ɗan lokaci, don wani sa'in wutar tafiya take a hankali.

Saƙon da ba a karɓa

Yanzu mu dawo kan falke. Tunda mudu da sikeli duk ba su iya faɗin wane irin albarushi ne, abu ɗaya da ke faɗa shi ne gwangwaninsa na asali da rubutun masana'anta. Al'adar kasuwarmu kuwa ita ce a fasa babba a ƙulla ƙanana, a leda ko a kwalbar magani ko gorar ruwa. A sukari da gishiri wannan ba komai. A albarushi, ranar da aka juye shi a leda ranar ya rasa sunansa, wanda ya karɓa a Jibiya kuma bai san ko baƙin gargajiya ba ne, ko na harsashin kwali, ko gauraye. Mai kawo saƙo ya yi niyyar alheri, amma shi za a tuna ran da abin ya faru.

Ga kuma hukuma. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009, kuma ta haɗa da harsasai da kayan da suka danganci makamai, ta hana tsallaka iyaka da su sai da izini na musamman. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigar ɗuri ta baki babi nata, inda lasisinta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Kwaddibuwa ta rufe farauta a hukumance tun 1974, ta kuma kafa hukumar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2009. Ficewar Nijar da Burkina Faso da Mali daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta sassauta komai ba a wannan fanni, domin ƙasashe ne da ke fama da masu tayar da bama-bamai a kan hanya. Wanda jandarma ya sami ƙullin baƙin gari a cikin kayansa a Wangolodugu ko Niyangoloko ko Makalondi, zai sha wuya kafin ya gamsar da su cewa na hawan salla ne, kuma motar da sauran fasinjojinta ba za su wuce ba sai an gama da shi.

Ajiyarsa a shago ma wani babi ne. Tsofaffin 'yan Tireshbil ba su manta da gobarar 1997 da ta cinye babbar kasuwarsu ba, aka yi shekaru ana zaman wucin gadi kafin a sake gina ta, haka mutanen Katsina da gobarar babbar kasuwarsu ta Maris ɗin 2021. Ba albarushi ne ya tayar da waɗannan ba, amma duk wanda ya ga yadda wuta ke tsallake rumfa zuwa rumfa zai iya kwatanta abin da gwangwani ɗaya a ƙarƙashin kanta zai yi wa masu ƙoƙarin kwashe kaya da 'yan kwana-kwana. A unguwar Bodija ta Ibadan, cikin Janairun 2024, nakiyar haƙar ma'adinai da aka ajiye a wani gida ce ta tashi da dare, ta rushe gidajen maƙwabta da dama, ta kashe mutanen da ba su ma san da ita a kusa da su ba.